Yanka alminiyam don yin mazaunin inji a gida

'Yan uwa masu son ƙera mazaunin inji da kanku, ku nemi farantin alminiyam samfurin 6061-T6, wato nau'i mai ƙarfi, mai kaurin milimita 10 zuwa 12. Mai laushin da ake yin tukunya da shi ba zai jure jijjigar inji ba.

A fara yanka siffar a kwali, a gwada ta a jikin injin har ramukan noti su zauna daidai, sannan a zana ta a kan farantin. A huda ramuka tun kafin yanka, lokacin da farantin ke da faɗin da za a matse shi sosai. Tsakanin tsakiyar rami da bakin farantin a bar ninki biyu na kaurin notin: noti mai milimita 10, tazarar milimita 20.

Wajen yanka ne aka fi yin kuskure. Alminiyam yana manne wa haƙoran zarto, don haka a sa zarto mai manyan haƙora, kamar 8 zuwa 10 a inci ɗaya, ana goga masa kyandir ko ɗiga kananzir, a tafi a hankali. Faifan giranda na yankan ƙarfe kuwa a bar shi: toshewa yake, ya yi zafi, har ya iya tarwatsewa. Tabarau na kare ido dole ne.

Duk kusurwar ciki a huda mata rami ta fito a zagaye, domin daga kusurwa mai kaifi tsagewa ke farawa. A goge bakin da magagari. Kada a lanƙwasa T6, tsagewa yake, walda kuma tana rage masa ƙarfi a gefen ɗinkin. Robar mazaunin da ke shanye jijjigar inji kuwa, a bar ta a wurinta.