Yadda Ake Auna Ƙwazon Tashar Kwantena

Wanda zai kwatanta tashoshin jiragen ruwa ya fara da daidaita ma'auni. Ana ƙirga kaya da TEU, wato kwantena mai tsawon ƙafa 20, mai ƙafa 40 kuwa biyu ake lissafa ta. Sai dai yawan kaya girman tasha kawai yake nunawa, ba ƙwazonta ba.

Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokaci. A rubuta sa'ar da jirgi ya iso, da sa'ar da ya samu wurin tsayawa a bakin tasha, da sa'ar da ya tashi, domin jirgin da ya yi kwana biyu a layi ya yi asara ko da an sauke kayansa cikin hanzari. Daga nan a raba yawan kwantenonin da aka ɗaga da jimillar sa'o'in aikin injinan ɗaga kaya, a ga abin da kowane inji yake yi a sa'a guda. A kan lokacin zaman jirgi Bankin Duniya da kamfanin S&P Global suka gina jadawalinsu na shekara-shekara na ƙwazon tashoshin kwantena, inda tashar Yangshan ta China ta zo ta ɗaya a 2022 da 2023.

Kada a haɗa ƙaramin jirgi da babba. A kwatanta masu girma ɗaya da yawan kaya kusan ɗaya.

Ɗan kasuwar Kano ko Maraɗi kuma, da ke zaɓa tsakanin Apapa, Kwatano da Lome, ya ƙara da kwanakin da kwantena ke yi kafin kwastam su sallame ta, don wannan jadawali bai ƙunshe su ba.