Yadda ake ɗaukar hoton baƙar fata ta fito da kalarta

Mitar hasken da ke cikin kyamara ba ta san fuska ba. An saita ta ne ta mayar da duk abin da ta gani ruwan toka mai mayar da kashi 18 cikin ɗari na haske. Idan fuska mai duhu ta cika hoton, sai ta ƙara haske, fatar ta yi furu-furu kamar an yi wanka da toka. Idan kuma mutumin ya sa farar shadda ko ya tsaya gaban farin bango, sai ta rage, fuskar ta nutse, haƙora da idanu kawai suka rage. Matsalar tsohuwa ce: a shekarun 1950 katin da kamfanin Kodak ke raba wa masu wankin hoto don daidaita launi, hoton Baturiya ne a kai.

Don haka ka ƙwace saitin daga hannun na'ura. Auna haske a kan kunci kaɗai, ɓangaren da haske ke bugawa, sannan ka rage hasken da ke shiga kyamara da kashi biyu cikin uku na mataki zuwa mataki ɗaya (rage mataki ɗaya shi ne mayar da hasken rabi), gwargwadon duhun fatar. Mai wankan tarwaɗa ba ya buƙatar ragi sosai. Ɗauki a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, ka sa ma'aunin launin haske na kyamara a 5500K idan da hasken rana ne.

Sai hasken kansa, wanda nan ne yawanci ake kuskure. Baƙar fata da ƙyalli take nuna siffarta: ɗan sheƙin da ke kan goshi, karan hanci da ƙashin kunci shi ke zana fuskar. Ƙaramin haske mai zafi, irin filashar saman kyamara, yana barin farin tabo guda a goshi, sauran fuskar ta mutu. Haske mai faɗi kake so, kuma kusa. Akwatin tausasa haske na santimita 90 zuwa 120, a nisan mita ɗaya, a karkace da digiri 45, ya isa. Babu kuɗin sa? Zaunar da mutum a bakin ƙofa ko ƙarƙashin rumfa da hantsi, wani ya riƙe farin kwali ta ɗaya gefen. Seydou Keïta, mai ɗaukar hoto ɗan Mali, da hasken rana ya yi mafi yawan aikinsa a tsakar gida a Bamako. Kwali mai ruwan zinare kuwa a bar shi, fatar lemo take komawa.

Mai hoton ya shafa man shafawa kaɗan, a goge maiƙon goshi da hanci da tsumma. Idan bangon baya mai duhu ne, sa wata ƙaramar fitila ta baya, don kitso ko hula su rabu da bangon.

Kafin a fara, tambayi mai hoton yadda yake so a gan shi, ya zaɓi kayansa da zamansa, kuma ka juya masa allon kyamara bayan ɗauka biyar ko shida. A jerin hotunan kai na Zanele Muholi, mai ɗaukar hoto daga Afirka ta Kudu, mai suna Somnyama Ngonyama, da gangan ake ƙara duhun fata. Mai fuskar ne ya yanke wannan hukunci.

Wajen gyara a kwamfuta, kada ka ɗaga hasken launin ruwan lemo, nan fatar take, kuma bilicin ke nan da wani suna. Kada ka goge tsage ko zane. A waya, kashe saitin kwalliya, domin da yawansu kan haska fata ba tare da an nema ba.