Ku auna kowace ƙwayar batir daban a ƙaramin jirgi marar matuƙi

Idan kuna tsara na'urar kula da batir, ku sa ta riƙa auna ƙarfin wutar (volt) kowace ƙwaya daban ta wayoyin daidaita caji, wato ƙananan wayoyin da ke haɗe da kowace ƙwaya a cikin batirin, kada ku dogara ga jimilla.

Batirin LiPo (lithium polymer, irin wanda ake sa wa waɗannan jirage) mai ƙwaya huɗu yana kaiwa volt 16.8 idan ya cika, wato 4.2 a kowace ƙwaya. Idan jimilla ta nuna 14.0, za ku ɗauka kowace tana da 3.5, alhali uku na iya kasancewa a 3.7, ɗaya kuma ta faɗi zuwa 2.9. Ƙasa da 3.0 ƙwaya tana lalacewa, kuma ita ce za ta jawo muku sayen sabon batir.

Ku sa gargaɗi ya tashi da zarar mafi rauni ta kai 3.5, amma kada na'urar ta yanke wuta jirgi yana sama, domin faɗowa zai yi.

Dabarar tana ruɗi idan aka ƙara gudu farat ɗaya, ko a lokacin sanyi, ko batir ya tsufa, saboda ƙarfin yakan nutse na ɗan lokaci. Don haka ku jinkirta gargaɗin da daƙiƙa biyu ko uku.