Yadda Ake Gano Matsalar Famfo da Masai Kafin a Kira Mai Gyara

Mazauna Nima da Maamobi da Madina a Accra sun saba da rabon ruwa bi da bi, wannan unguwa ta samu yau, waccan sai bayan kwanaki, shi ya sa da wuya ka shiga gida ba ka tarar da galan Kufuor, wato jarkokin ajiye ruwa masu ruwan ɗorawa, a jere ba. Ranar da ruwa ya dawo daga matatar ruwa ta Weija ko ta Kpong, yakan turo iska da yashi da tsatsar da suka kwanta a bututu, kuma wannan dattin ne tushen da yawa daga cikin matsalolin da ake biyan mai gyara a kansu.

Idan ruwa ya yi rauni, fara tambayar maƙwabta. In nasu ma haka yake, daga kamfanin ruwa ne, sai haƙuri. In kuwa gidanka ne kaɗai, duba makunnin da ke kusa da mitar ruwa ko a buɗe yake sosai, sannan ka gwada famfunan gidan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi rauni shi kaɗai, kwance ƴar ragar da ke bakinsa ka wanke, za ka sha mamakin yashin da zai fito. Kan shawa kuma a jiƙa shi cikin ruwan khal ya kwana, a tsokale ƙofofin da allura.

Famfon da ke tari yana tofar da ruwa, iska ce ta maƙale a bututu, musamman idan tanki ya ƙafe ƙarƙaf. Buɗe duk famfunan gidan na ƴan mintuna. Idan hakan bai yi ba, haɗa tiyo daga famfon da ke kan layin kamfani zuwa wanda ya ƙi, ka buɗe su biyun, ƙarfin ruwan zai kora iskar zuwa tanki.

A gidan da ke dogaro da tankin roba na Polytank, ƙarfin ruwa ya danganta ne ga tazarar tsayi tsakanin ruwan tankin da bakin famfo, girman tankin ba ya ƙara komai. Tankin da aka ɗora a kan ƙafa 10, alhali kan shawa yana ƙafa 7, ba zai ba da ruwan kirki ba. A ɗaga shi, ko a sa injin turawa bayan tankin. Kada a jona injin kai tsaye a layin kamfani, domin an hana, kuma yana janye rabon maƙwabta.

Sai masai na zamani. Ɗaga murfin tankinsa ka leƙa. Idan ba ya cika, yashi ne ya toshe mashigar ruwa: rufe makunni, kwance ta, ka wanke robar ciki. Idan yana cika har ya tumbatsa, saukar da ƙwallon da ke yawo a kan ruwan, ta hanyar juya sukurunsa ko lanƙwasa hannun ƙarfensa ƙasa kaɗan, yadda ruwan zai tsaya kimanin inci 1 ƙasa da bututun ambaliya. Yoyon da ya fi cin kuɗi shi ne wanda ba a jin ƙararsa. Zuba ɗan shuɗin wanki a tankin, ka bar shi minti 20 ba tare da an ja ruwa ba. Idan launin ya bayyana a kwanon, robar ƙasa ta mutu. Tafi da tsohuwar shago, domin ba duka suke girma ɗaya ba.

Idan masai ya toshe, kada a sake jan ruwa, zai malalo. Yi amfani da robar zuƙa mai sanda, ka zuba ruwan ɗumi da sabulu, ban da tafasasshe domin yana fasa kwanon. Ledar fiya wata da kunzugun yara da audugar mata su ne manyan masu laifi, musamman a gidan haya. Idan duk magudanan gidan suna gurnani tare, ramin masan ne ya cika, sai a kira motar kwashe shi. Mai bayodaijesta kuma, wato ramin masai da ƙananan halittu ke narkar da ƙazantarsa, ya guji zuba soda da maganin kashe ƙwayoyin cuta masu ƙarfi, domin suna kashe halittun da ke narkar da ƙazantar.