Kayan jariri: abin da hannuna ya riƙa nema a kwana arba'in na farko

Gadon jaririn da maigida ya sayo lokacin haihuwata ta fari yana nan har yau a bayan ƙofar ɗakina. Katako ne mai kyau, da labulensa da 'yan ƙararrawa masu lilo. Yara huɗu na haifa, babu wanda ya kwana a cikinsa dare uku a jere. Wanki nake tarawa a ciki. Shi ya sa da ƙanwata ta shiga wata na bakwai ta turo mini jerin abin da take son saya, na ga har da keken tura jariri da fida guda shida, sai na ce mata ta dakata tukuna. Na ce bari in lissafa mata abin da na riƙa laluba da tsakar dare, ido rabi a rufe, yaro yana tsala kuka. Abin da na gaya mata ne zan maimaita miki.

Na san akwai gidajen da ba a son a sayi komai sai an sauka lafiya, balle cikin fari, ga kunya ga faɗan manya. Ban ce ki ja da surukarki ba. Amma jakar asibiti dai ki haɗa ta da wuri ki tura ƙarƙashin gado. A wajen awo za a ba ki takardar abin da ake buƙata, kowane asibiti da nasa tsarin: safar hannu, auduga, ledar shimfiɗa, audugar mata, sabulu da sauransu. Ki saya yadda aka rubuta, kada ranar naƙuda a bar maigida yana zagayen kemis da ƙarfe biyun dare.

Sai zannuwa. A duk kayan jariri babu abin da ya kai tsohon zani amfani. Ina nufin atamfar da ta sha wanki har ta yi laushi kamar auduga, irin wadda kike shirin kyautarwa. Sabuwar atamfa tana da kauri, tana kartar fatar jariri, kuma ba ta shan ruwa. Ki ware guda shida zuwa takwas, ki raba wasu gida biyu. Da su za ki naɗe shi, da su za ki shimfiɗa masa, da su za ki goge tumbuɗi, ki tsane shi bayan wanka, in ya yi ƙwari kuma ki goya shi ki ɗaure da majanyi. In Allah ya ba ki ɗan ƙaramin jariri, bakwaini ko wanda bai kai kilo 2.5 ba, ma'aikatan jinya za su koya miki goyon ƙirji: a kwantar da shi tsakanin nonuwanki daga shi sai nafkin da hula, fata na taɓa fata, a ɗaure da zani. A birnin Bogota na ƙasar Kolombiya aka fara wannan dabara a 1978, saboda ƙarancin kwalbar saka jarirai, kuma zani kaɗai take buƙata.

Riguna kuwa kada ki zuba kuɗi. 'Yan barka za su kawo, ranar suna za a ƙaro, kuma kafin wata biyu rabinsu sun matse shi. Riguna shida na auduga masu buɗewa ta gaba sun isa, da hula biyu da safa. Masu maɓalli a baya da leshi mai ƙaiƙayi na hoto ne kawai. Gwanjon Ƙofar Wambai ma ba laifi, in kin wanke kin shanya a rana kin goge. Ki duba lokacin da za ki haihu: ɗan hunturu yana son rigar sanyi da bargo mara nauyi, ɗan watan Afrilu kuwa singileti da nafkin sun wadatar da rana. Abin da nake bi shi ne, duk abin da na sa a jikina, in ƙara masa ɗaya a kai. In kina son ki san ko ya ji zafi, taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa. Hannun jariri da ƙafarsa kullum da ɗan sanyi, su suke ruɗar kakanni har a lulluɓe yaro da bargo uku.

Inda zan ja kunnenki da ƙarfi shi ne wurin ajiyar kayan. Kada ki kuskura ki sa kafur.

Da na haifi ɗana na biyu, kayan yayarsa na fito da su daga akwati, suna ta ƙamshin kafur, ni har daɗi nake ji wai kyankyaso bai taɓa su ba. Kwana uku da haihuwa, da safe na fito da shi tsakar gida, sai Inna ta ce, "Ke, zo ki ga idon yaron nan." Farin idon ya koma ruwan ɗorawa. Na danna kan hancinsa da yatsa, na ɗaga, wurin ya yi kamar an shafa kurkum. Maƙwabta suka ce shawara ce, a shanya shi a rana a ba shi ruwan gulukos. Allah ya sa maigida ya ce asibiti za mu. Tambayar farko da likita ta yi mini ita ce, "Hajiya, kina sa kafur a kaya?" Ta bayyana mini cewa wasu yara, galibi maza, ana haifarsu da ƙarancin wani sinadari a jini da ake kira G6PD, kuma kafur da hoda ko man shafawa masu mantol suna farfasa musu jajayen ƙwayoyin jini. Shawarar in ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki. Kwana huɗu muka yi, yana kwance ƙarƙashin shuɗiyar fitila an rufe masa ido. Tun daga ranar, kayan jarirai a bokiti mai murfi nake ajiye su, babu komai a ciki sai su. Kuma a makon farko kullum sai na duba idon yaro a hasken rana, domin hasken ƙwan lantarki yana ɓoye launin.

Tun da an zo kan abin shafawa: man kaɗanya mai kyau ko basilin mara ƙamshi sun ishe ki. Hoda ki bar ta, shaƙar ta jariri yake yi. Kwalli ma na daina sa wa jarirai, ko da Inna ta yi ta mita wai idon yaro ya yi fari fat, domin kwallin dutse yana ɗauke da dalma.

Na cibi kuma, ki nemi man Chlorhexidine na kashi 4 cikin ɗari, ɗan ƙaramin bututu ne, shi Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta amince a riƙa amfani da shi. Ki wanke hannu da sabulu, ki shafa a kan cibin da gindinsa sau ɗaya a rana, tun daga ranar haihuwa. Ki naɗe bakin nafkin ƙasa da cibin don ya sha iska. Kada a gasa da tsumma mai zafi, kada a sa man goge baki, toka ko gishiri don wai ya faɗi kafin suna. Zai faɗi da kansa, yawanci cikin mako ɗaya zuwa biyu. Ki ajiye bututun nesa da maganin ido, don in ya shiga ido yana yin mummunar illa. In kin ga gindin cibin ya yi ja, yana ruwa ko wari, asibiti.

Gidan sauro ba sai na tsaya dogon bayani ba. Mai magani, babba wanda zai rufe ku ku biyu. Sau da yawa ana bayarwa a wajen awo. In sabo ne ki shanya shi a inuwa kwana ɗaya kafin ki ɗaura. Maganin sauro na kunnawa da turaren wuta, a yi su lokacin da jaririn ba ya ɗakin, a bar hayaƙin ya fita.

Wurin kwanciya: katifa mai tauri, babu filo, kuma a kwantar da shi rigingine. Na san ana cewa a kifa shi don kansa ya yi kyau ko don kada ya shaƙe da tumbuɗi, amma kifewar ce take da haɗari a barci. Yawancinmu tare muke kwana da jariranmu, ni ma haka, to ki janye manyan barguna da filalluka daga gefensa, kada yayyensa su kwana kusa da shi, kada kuma ki yi barci da shi a kan kujera. In kina da ƙaramin gado ki manna shi da naki, ya fi. Da hunturu kuma kar a shigo da kaskon gawayi ɗaki a rufe ƙofa da taga. Hayaƙinsa ba ya wari, ba a ganinsa, yana kashe babba balle ɗan kwana biyar.

Abu ukun da na fi gode wa wanda ya ƙirƙiro su: fitila mai caji, filas, da abin auna zafin jiki.

Jariri yana shan nono sau takwas zuwa goma sha biyu a kwana ɗaya, kusan rabi da dare, kuma wuta ba ta da alƙawari. Fitilar waya tana cinye caji, ga ta da kashe ido. Ki samu 'yar fitila da za ki ajiye a ƙasa ta haska bango. Filas babba ki cika shi da ruwan zafi kafin ki kwanta, ki sirka a ƙaramar roba ki wanke masa kashi, ba sai kin hura wuta da asuba ba. Ruwa da auduga sun fi tsumman goge-goge na leda, shi wannan ki bar shi don fita unguwa. Ruwan wanka ki gwada da gwiwar hannu, ba tafin hannun da ya saba da tukunya ba. Baho ɗaya, tawul biyu, sabulu mara ƙamshi. Wankan farko ma yanzu ana so a jinkirta shi har kwana ɗaya, a goge shi kawai a ɗora shi a ƙirjinki.

Abin auna zafi, ɗan siriri mai lamba wanda ake sawa a hammata, bai kai kuɗin turmin atamfa ba. In ya nuna 38 ko sama, ko ƙasa da 35.5, kada ki tsaya ba da farasitamol ki ga abin da gari zai waya, ku tafi asibiti. Haka in jaririn ya ƙi kama nono, ko numfashinsa yana sauri ƙirji yana lotsawa, ko ya yi laƙwas, ko ya yi taune-taune. Jariri ba ya jira.

Famfas: ƙunshi ɗaya na mafi ƙanƙanta ki saya, kada ki tara katan, don wani yaron mako biyu ya wuce lambar. Ni da rana nafkin na wanki nake sawa, dozin biyu, da dare ko fita in sa famfas. Aljihu ya huta, gindin yaro ma ya sha iska. Nafkin yana da wani amfani: daga kwana na biyar, in yana jiƙa shida ko fiye a rana, nono yana isarsa, ko da wa ya ce miki ba ya ƙoshi.

Fida shidan nan kuwa na sa ƙanwata ta soke su duka. Nono zalla har wata shida, ko ruwa ba a ba shi, ko a zafin Kano, domin nonon kansa yawancinsa ruwa ne. Dakashin farko mai kauri kada a matse a zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Zuma kuma sai ya shekara. In ta kama dole a tatsa a ba shi, ƙaramin kofi da cokali sun fi sauƙin wankewa. Ke kanki ki tanadi rigunan da ke buɗewa ta gaba, audugar mata mai yawa, da kofin ruwa kusa da gado, don ƙishirwar mai jego ba ta da misali. Kunu ki sha ki ƙoshi, amma a sassauta kanwa, musamman in an taɓa ce miki jininki yana hawa. Likitoci a Zariya sun daɗe da danganta yawan kunun kanwa da kwanciya kan gadon wuta da ciwon zuciyar masu jego.

Ki samu 'yar jakar leda mai zif don katin rigakafi. Kafin a sallame ku ko cikin kwanakin farko za a yi masa BCG, wato allurar tarin fuka, da allurar ciwon hanta da ɗigon shan inna, sannan ku koma a mako na shida, na goma da na sha huɗu. Takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ma nan za ki sa ta.

Malam maigida, naka kason: lambar mai adaidaita sahu biyu waɗanda za su ɗaga waya da ƙarfe ukun dare, da kuɗi a hannu waɗanda ba na ragon suna ba ne, a ajiye su daban. In kana da mota, kujerar jariri mai kallon baya ta fi riƙe shi a cinya a gidan gaba.

Ƙanwata ta sauka ran wata Laraba, mace. Da na je barka na tarar da fitilar a ƙasan gado, filas a gefe, zannuwan Inna a ninke cikin bokiti. Keken turawar ta ce a bari tukuna, tunda lungunsu ko babur da ƙyar yake shiga.