Yadda ake gano tsiron hanji tun bai rikiɗe ciwon daji ba

Shekara biyu kawuna ya yi yana shan maganin basir. Duk mai lasifikar da ya ratsa Kasuwar Dole yana tallar maganin "basir mai jini da mai tsiro", sai Kawu ya tsayar da shi ya sayi ƙulli ko kwalba. Ranar da muka kai shi gidan likita, zoben azurfar da ya daɗe a yatsansa sai da aka naɗa masa zare don kada ya zame, saboda rama. Bincike ya nuna ciwon daji ne na babban hanji, kuma ya riga ya kai hanta. Allah Ya jiƙansa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne da likita ya ce wannan ciwo yana daga cikin waɗanda ake iya tarewa tun kafin su fara.

Galibi yakan soma ne da ɗan tsiro a cikin bangon hanji, wanda likitoci ke kira polip. Ba ya ciwo, mai shi bai san da shi ba. Yawancin irin waɗannan tsiro ba sa zama komai, amma wasu suna girma a hankali, su ɗauki kimanin shekara 10 ko fiye kafin su rikiɗe. Wanda ya kai santimita 1, ko wanda aka duba a na'ura aka ga ƙwayoyinsa sun fara lalacewa sosai, shi ne tsiron da ya yi nisa, ƙofar ciwon daji ke nan. Idan an cire shi a wannan lokaci, an kashe maciji tun yana ƙarami. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wannan ciwo shi ne na 3 a yawa cikin cututtukan daji, kuma na 2 wajen kisa.

Mataki na farko, ka san matsayinka. Shekaru su ne kan gaba: daga 50 haɗarin yana hawa sosai, ko da yake yanzu ana ƙara ganinsa a masu ƙarancin shekaru, har Amurka ta sauko da shekarun fara gwaji zuwa 45 a 2021. Maza sun ɗan fi mata kamuwa. Sai shan taba, giya, ƙiba musamman ta tumbi, ciwon suga, da yawan zama wuri guda ba motsa jiki. Mai ciwon kumburin hanji na tsawon shekaru shi ma yana cikin sahun da ake sa wa ido.

Ga kuma maganar nama, wadda na san ba za ta yi wa mutanen Damagaram daɗi ba. A 2015 cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi don ya daɗe cikin abubuwan da ke jawo wannan ciwo, ta ce jan nama ma akwai yiwuwar hakan. Ni ban ce a bar kilishi da tsire ba. Amma wanda ya mayar da teburin mai balangu wurin cin abincinsa na kowane dare, ya rage. Furar gero, wake, zogale, rama, kuɓewa da kabewa suna da harzar da hanji ke buƙata, kuma duk muna da su a gida.

Mataki na biyu shi ne wanda ake tsallakewa, kuma a ganina shi ya fi muhimmanci: ka binciki tarihin gidanku. Wanda mahaifinsa, mahaifiyarsa ko ɗan'uwansa na jini ya yi wannan ciwo, haɗarinsa ya kai kusan ninki biyu. Matsalar ita ce a wurinmu ba a faɗin sunan ciwon mamaci, sai a ce "ciwon ciki ne" ko "ajali ne ya zo". Ka samu dattijon gida shi kaɗai, bayan sallar isha'i, ka tambaya cikin ladabi: "Baba, ciwon da ya yi ajalin Baffa, likitoci sun faɗi sunansa? Yana zubar da jini? Shekarunsa nawa lokacin?" Tambayar ƙarshe tana da amfani ƙwarai, domin ƙa'idar da likitoci da yawa ke bi ita ce ɗan irin wannan gida ya fara gwaji yana da shekara 40, ko kuma shekara 10 kafin shekarun da aka gano ciwon a jikin ɗan'uwan, duk wanda ya riga zuwa. Idan an gano na yayanka yana da 45, kai za ka fara a 35. Gidan da mutum biyu ko uku suka yi ciwon tun da ƙuruciya kuwa, a gaya wa likita a fili, saboda akwai nau'in da ake gado kai tsaye.

Na uku, ka duba ko kana da alama. Jini a bayan gida, ja ko baƙi. Zawo ko taurin ciki da ya wuce makonni ba ya sauyawa. Jin kamar ba ka gama ba bayan ka fito daga ban-ɗaki. Rama ba dalili, da ƙarancin jini ga namiji ko macen da ta daina al'ada. Basir da atini suna kawo jini, gaskiya ne, amma mutum yana iya samun basir da tsiro a lokaci guda. Mai ɗaya daga cikin waɗannan alamu kada ya jira cikar wasu shekaru, ya tafi ƙaramin asibiti (CSI) mafi kusa ya nemi a tura shi babban asibitin ƙasa na Damagaram. Kuma a aje kunya. Ka ce, "Likita, wata uku ke nan ina ganin jini in na zaga." Idan ya ce zai sa safar hannu ya duba dubura da yatsa, ka yarda, minti ɗaya ne. Hajiya na iya neman mace ta tsaya kusa da ita.

Na huɗu, gwajin kansa. Ga wanda ba shi da alama akwai gwajin bayan gida mai gano jinin da ido ba ya gani. Ana ɗibar ɗan kaɗan da tsinken roba a sa a kwalba. A Faransa ana yi wa masu shekara 50 zuwa 74 duk bayan shekara 2. In ya nuna jini, ba yana nufin ciwon daji ba ne, yana nufin dole a leƙa ciki.

Leƙawar ita ce kolonoskopi: siririn bututu mai kyamara da ake turawa ta dubura ya bi babban hanji, mai tsawon kusan mita ɗaya da rabi. Amfaninsa shi ne likita yana ganin tsiro ya cire shi nan take, ba tare da an tsaga ciki ba. Likitanka zai faɗa maka inda za a yi. In ta kama sai an je Yamai, inda cibiyar yaƙi da ciwon daji ta ƙasa take, tafiyar kusan kilomita 900 ce, sai a tanadi guzuri da ɗan rakiya tun da wuri.

Shirin ya fi aikin wuya. Kwana biyu ko uku kafin ranar za ka bar ganye, wake da duk abinci mai harza. Jajibirin ranar za ka sha maganin wankin ciki da aka dama a lita 3 zuwa 4 na ruwa, ka yi ta zaga ban-ɗaki har abin da ke fita ya zama ruwa garau. Kada ka rage ko kofi ɗaya, domin hanjin da bai wanku ba yana ɓoye tsiro. A zafin Afrilu irin namu a ƙara shan ruwa sosai. Mai shan maganin suga, maganin tsinka jini ko ƙwayar ƙarin jini ya sanar da likita tun mako guda kafin ranar. Aikin kan ɗauki kamar rabin awa, galibi da allurar da ke sa gyangyaɗi, don haka ba kai za ka tuƙa babur zuwa gida ba.

Na ƙarshe, ka karɓi sakamako ka riƙe shi da kyau. In hanji lafiya lau yake kuma babu tarihin gida, sai bayan shekara 10. Mai tarihin gida, yawanci bayan shekara 5. Wanda aka cire wa tsiron da ya yi nisa, ana so ya dawo bayan shekara 3. Ka ɗauki hoton takardar a wayarka, ka sa ta asali a leda cikin akwati, sannan ka kira ƙannenka da yayyenka ka gaya musu abin da aka gani da shekarunka a ranar da aka gan shi, domin da wannan lissafi ne likita zai sa musu lokacin nasu gwajin.