Yadda Ake Rage Ƙiba a Yamai Ba Tare da An Ɓata da Mutanen Gida Ba

A garin Yamai, idan amarya ta yi wata shida a ɗakinta ta je ganin gida, abin da dangi ke fara dubawa shi ne wuyanta da damatsanta. In ta ciko, sai a ce miji ya iya riƙo, a sa masa albarka. In kuwa ƙashin wuya ya fito, uwa ba za ta samu barci ba sai ta ja ta ɗaki ta tambaye ta abin da ke damunta. Namiji ma da zarar tumbi ya turo riga sai a fara kiransa Alhaji, ko da bai taɓa taka filin jirgi ba. Wannan ra'ayi yana da tushe, domin ƙasar da ta sha farin 1973 da na 1984, ta kuma ga ƙarancin abinci na 2005, ba za ta rasa ɗaukar cikar jiki a matsayin alamar rufin asiri ba. Maƙwabtanmu Zabarmawa suna da al'adar hangandi, inda mata ke ɗura abinci don su yi jiki, kuma a Azawak, arewa da Tawa, an daɗe da sanin gidajen da ke ƙibantar da ƴan mata da madara da gero kafin aure.

Sai dai wanda a da yake yini a gona ko yake daka da jan guga, yanzu a ofis ko a shago yake zaune, taksi ko babur ke kai shi ƙofar gida, abincinsa kuma ya koma shinkafa da mai da burodi. Sakamakon yana nan a layin masu hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa a asibitocin birni. A ganina, abin da ya fi wahalar da mai son rage jiki a nan shi ne bakin mutane, don haka matakan da ke tafe sun haɗa da jiki da kuma gida.

Matakin farko shi ne awo. An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a wannan fanni idon dangi ya riga ya saba da ƙiba, ba ya faɗin gaskiya. A je cibiyar lafiya ta unguwa, wato CSI, ko wani farmasi mai sikeli, a auna nauyi da tsawo. Lissafin da ma'aikatan lafiya ke yi mai sauƙi ne: a ninka tsawo da kansa a ma'aunin mita, sannan a raba nauyi da abin da aka samu. Macen da tsawonta ya kai mita 1.65, nauyinta kuma kilo 85, za ta samu kusan 31. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 daidai ne, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa ƙiba ce da ake ɗauka a matsayin cuta. Bayan haka a ari tef ɗin tela a zagaya ciki a daidai cibiya, ba tare da an shanye numfashi ba. Idan ya wuce santimita 88 ga mace, ko 102 ga namiji, haɗarin ya yi yawa, domin kitsen da ke taruwa a ciki, kusa da hanta da hanji, shi ya fi janyo ciwon suga, fiye da wanda ke cinya ko ƙugu. A wannan zuwan a nemi a auna jini da suga gaba ɗaya, a rubuta lambobin da kwanan wata a takarda, a ajiye.

Mataki na biyu ya shafi waɗanda ƙibarsu ta sayen kuɗi ce, kuma suna da yawa fiye da yadda ake faɗa a fili. Masu tallan magani a tire da kan kekuna suna sayar da ƙwayoyi da ruwan kwalba na ƙara jiki, waɗanda wasu ke kira sha-ka-fashe. Yawancinsu abu biyu ne a ciki. Ɗaya siproheptadin ne, maganin ƙaiƙayi da mura wanda ke buɗe ciki ya kuma sa barci. Ɗayan deksametazon ne, kuma shi ne mugun, domin yana tara ruwa a jiki, ya kumbura fuska ta yi zagaye, ya tara kitse a ciki da bayan wuya alhali ƙafafu na sirancewa, ya ɗaga suga da jini, ya raunana ƙashi da garkuwar jiki. Abin da ake yabawa a wurin biki a ce wance ta yi kyau, sau da yawa kumburi ne. Amma a nan akwai gargaɗi mai muhimmanci: wadda ta yi makonni tana shan deksametazon kada ta yanke shi dare ɗaya, domin jiki ya riga ya rage yin nasa sinadarin, kuma yankewar gaggawa na iya sa jini ya faɗi har a suma. Ta ɗauki kwalin ta kai wa likita, ta faɗi gaskiyar tsawon lokacin da ta yi tana sha, shi zai tsara mata yadda za ta rage kaɗan-kaɗan.

Mataki na uku, wanda mutane da yawa ke tsallakewa sannan su kasa, shi ne shirya mutanen gida tun kafin jiki ya fara sauka. A wurinmu rama tana da fassara iri-iri, kuma babu mai daɗi a cikinsu: ko miji ba ya ciyarwa, ko kishiya ta hana sakat, ko kasuwa ta karye, ko kuma wata cuta ce ake ɓoyewa. Saboda haka kada a shiga gida da maganar ado ko ta yayin zamani, domin babu tsohuwar da za ta saurari wannan. A shiga da takardar asibiti. Matar aure ta fara da mijinta, ta ce, "Maigida, ga abin da aka auna, sun ce in ban rage kilo biyar ba, maganin hawan jini zan fara sha har ƙarshen raina." Idan ya gamsu, shi ya kamata ya je wurin mahaifiyarsa da kansa ya ce, "Inna, in kin ga ta ɗan faɗa, umarnin likita ne, da sanina ake yi," domin zargin rashin ciyarwa a kansa zai sauka, kuma bakinsa ya fi na matar nauyi a can. Ga dattawa akwai hujjar da ba a musu da ita, wato hadisin da ya ce a raba ciki uku, kashi ɗaya na abinci, ɗaya na abin sha, ɗaya na numfashi. Sauran jama'a, irin maƙwabta da abokan aiki, ba sa bukatar dogon bayani. Wanda ya ce, "Lafiya kika rame haka?" a ce masa, "Lafiya lau, gwiwa ce na sauke wa kaya," a wuce.

Sai a zo kan abinci, kuma gara a fara da abin sha, don a nan ne ake samun riba da wuri. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa ya wuce kusan gram 50 a yini ga babba, wato cokalin shayi 12, kuma rabin haka ya fi. Gwangwanin lemo ɗaya na santilita 33 yana ɗauke da kusan gram 35. Ga zoɓo da lemun citta da ake ƙullawa a leda, ga kunu da fura da ake zuba wa sukari har cokali ya tsaya, ga kuma shayin fada, wato majalisar da maza ke zaman hira. Wannan na ƙarshe shi ne babban tarkon maza, tunda zaman fada ba ya cika sai an sha na ɗaya da na biyu da na uku, kuma kowane zagaye sukari ake ƙarawa, ga wanda ke zama safe da dare abin ya ninku. Ba na ba kowa shawarar ya bar fada, don wanda ya bar abokansa saboda ƙiba ba zai yi wata guda ba zai koma, ya koma da shayin gaba ɗaya. Ya zauna, ya karɓi kofi ɗaya, sauran ya ce a miƙa wa na gaba, ya riƙe gorar ruwansa. Za a yi masa ba'a kwana uku, daga nan a saba.

A tukunya kuwa, mai ne abin lura. A ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki, gram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, alhali na hatsi 4 ne, kuma babban cokali guda na mai ya kai kusan kalori 120, ko na gyaɗa ne ko manja. Mai girki ta daina tuttulawa daga jarka, ta riƙa aunawa da cokali, ta rage a hankali yadda masu ci ba za su lura ba. Fanke da ƙosai da soyayyen dankali su zama na wani lokaci, burodin safe kuma a raba shi da mayonez. Abin farin ciki shi ne ba sai an nemi wani abincin Turawa mai tsada ba, domin abin da ake bukata yana nan a kasuwar Katako da Wadata da ƙananan kasuwannin unguwa: zogale, rama, yakuwa, kuɓewa, kabeji, yalo, wake, da kifin kogin Kwara. Kwaɗon zogale, wanda a Yamai aka fi sani da kopto, da dambun da ganye ya fi tsaki yawa, da wake, da tuwon gero da miyar kuka, duk sun fi farar shinkafa da taliya riƙe ciki. Ƙa'idar ita ce rabin abin da za a ci ya zama ganye, kwata hatsi, kwata wake ko kifi ko nama marar kitse. Dunƙulen ɗanɗano ma a rage, don gishiri ne mafi yawansa, kuma gram 5 na gishiri ya ishi mutum a yini.

Akwai wahala ɗaya da ta keɓanta da mu, ita ce cin tarayya. Wanda ke ci a kwano ɗaya da mutum shida ba ya sanin iyakar abin da ya ci, kuma ware kwano na iya zama kamar girman kai. Dabarar ita ce a sha ruwa kafin a zauna, a shata gefen da ke gaban mutum da ido, a ci a hankali ana tauna, domin saƙon ƙoshi yana ɗaukar kusan minti 20 kafin ya isa kai. A gidan biki ko suna kada a ƙi abinci, a taɓa, a yaba wa mai girki, a tsame hannu.

Motsa jiki shi ne mataki na gaba. Abin da ake nema ga babba shi ne aƙalla minti 150 a mako, wato minti 30 sau biyar, na tafiyar da ke sa numfashi ya ɗan ɗaga amma ana iya magana. A Yamai lokaci ya fi wuri muhimmanci, domin a watannin Afrilu da Mayu zafi yana haura digiri 40, kuma tafiyar rana a irin wannan yanayi neman ciwo ce. Bayan sallar asuba ne lokaci mafi kyau, sai kuma gab da magariba. Masu zama kusa da filin wasa na Seyni Kountché ko bakin kogi sun samu wuri, mai aiki a Harobanda kuma yana iya sauka daga taksi ya tsallaka gadar Kennedy da ƙafa. Macen da ke jin nauyin fita ita kaɗai ta haɗa kai da maƙwabta biyu ko uku, su fita da hijabansu da takalma masu laushi. Mace ɗaya mai sauri a titi abin kallo ce, mata huɗu kuwa babu mai tanka musu. Wadda ba ta fita tana iya zagaya tsakar gida, ta karɓi shara da wanki da daka daga hannun yara wasu ranaku. Mai nauyi sosai, ko mai ciwon zuciya, ya fara da minti 10 bayan ya ji ta bakin likita, kuma duk wanda ya ji ciwon ƙirji ko jiri ya tsaya nan take.

Game da sauri, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ya wadatar. Burin farko shi ne a sauke kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 85, kuma wannan kaɗai yana sauko da jini da suga yadda za a gani a awo. Shayin rage tumbi da ake tallatawa a WhatsApp yawanci maganin zawo ne ko na fitsari, ruwa yake fitarwa, kitse yana nan inda yake. Mai ciki kada ta shiga wannan shiri, mai jego kuma ta bari jiki ya dawo, sannan ta rage sukari da mai ba tare da ta yi wa kanta horon yunwa ba, don nono na bukatar abinci. Azumin Ramadan dama ce ga wanda ya buɗe baki da dabino da ruwa da kunu marar zaƙi sosai, amma wanda ya jera soye-soye daga magariba zuwa sahur yakan fito da nauyin da ya fi na shiga. Haka nan ramar da ta zo da kanta ba tare da an nema ba, musamman tare da yawan ƙishirwa da fitsari ko tari mai daɗewa, ta asibiti ce, kada a yi murna da ita.

A riƙa hawa sikeli sau ɗaya a mako, da safe, a sikeli guda, sannan a maimaita awon faɗin ciki da tef da kuma na jini bayan wata uku, a kai sabuwar takardar ga waɗanda aka nuna wa ta farko. Idan ciki ya ragu, a kwashi tufafin a kai wa tela ya rage su daidai da sabon jiki, musamman wanduna da siket, domin babbar riga da zane ba sa tona asirin kilo uku da suka dawo, amma ƙugun wando yana faɗa tun a makon farko.